Jirgi Ɗaya, Kamu Biyu

Ranar da Marhun ya dawo garinmu Sur daga Dubai, kwat ce a jikinsa a kan dishdasha, doguwar rigar nan tamu, cikin irin zafin nan da kifi ke bushewa kafin a gama feɗe shi. Biro uku a aljihun ƙirji, tef ɗin awo na ƙarfe a rataye a ƙugu, ga wata doguwar takarda shuɗiya a naɗe a hammata. Shekara tara ya yi a ofishin wasu masu zanen jiragen ruwa. Mu dai labarin da ya iso mana shi ne shayi yake dafa musu yana goge tebur, amma shi yana sauka daga mota ya ce daga yau a riƙa kiransa Injiniya.

Ni sunana Sarhan, kuma ba yadda zan yi da shi, don ƙanwata Zuwaina yake aure. Sana'ata toshe kafofin jirgi da auduga da man kifi. Shekara ashirin ke nan ina wannan aiki a filin sassaƙar mahaifinsa, Ustaz Khalfan, mutumin da ya gina jirgi sittin da wani abu bai taɓa riƙe takarda ba. Zai tsaya ya dubi katako, ya kanne ido ɗaya, ya ce a rage nan, a ƙara can, shi ke nan. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Abu ɗaya ne ba a yi da ka. A filin sassaƙa hannu ɗaya ake bi, na ustaz, wato ubangidan masassaƙa. Kamunsa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsan tsakiya, shi ake tsagawa a jikin sanda, kuma duk wanda zai auna katako da wannan sandar zai auna. Wanda ke riƙe da sanda shi ne mai fili. To, shekara biyu kafin dawowar Marhun yanar ido ta makantar da Ustaz, aiki ya tsaya sai ɗan gyare-gyare, sandar awo ta koma sandar dogarawa. Kullum yana zaune a benci bakin ƙofar fili da butar gahawa, garin kuwa kowa ya zuba ido ya ga hannun da sandar za ta faɗa.

Washegarin dawowarsa Marhun ya zo ya shimfiɗa takardar nan a ƙasa gaban tsohon, ya danne kusurwoyinta da kofunan gahawa.

"Baba, zamanin kintace ya wuce. Wannan jirgin shaƙatawa ne irin na Turawa, mai tafiya da iska, da ɗakin kwana da wurin shan iska a sama. Komai a lissafe yake. Ko makaho ya bi takardar nan zai gina shi."

"To ai ga ni," in ji Ustaz. Ya miƙa hannu ya shafa takardar. "Tana da santsi. Tana iyo?"

Nahuda Sulayyim, wani tsohon matuƙin jirgi da ba shi da aiki yanzu sai shan gahawar mutane da sa baki a zancensu, ya leƙo ya ce, "Wanne ne gaban, Injiniya, wanne ne bayan?"

Marhun ya nuna masa da biro. Can sai ya juya takardar, ya sake nunawa.

Ustaz bai yi dariya ba. Ya ɗaga sandarsa ya nuna cikin fili. "Ga ƙashin bayan jirgi can a kwance, shi ne na ƙarshe da na sassaƙa da idona. Ga katakon saj a rumfa, na Malabar ne, ba a samun irinsa yanzu. Ka ɗora jirginka a kai. Ranar da ya fita bakin mashigi ya gaida teku ya dawo, sandar nan taka ce, da filin. In bai fita ba, zan ba wanda na ga dama."

"An gama, Baba. Sandar kuma za mu rataye ta a bango, jikoki su riƙa ganin yadda aka sha wahala a da."

Masassaƙa biyu suka rage a filin, Bakhit da Shinun. Bakhit dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga masallaci. Shinun kuwa in ya zauna a benci ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Dukansu gwanaye ne, amma shekara goma sha ɗaya ba sa ga maciji, tun ranar da Bakhit ya ari gizagon Shinun ya dawo da shi da giɓi a baki. In ɗaya yana da magana da ɗaya, ni ake kira.

Marhun ya ga wannan gaba ta yi masa daidai. Tsoronsa kada wani ya sace masa ilimi ya je ya gina irin jirgin a wani fili. Sai ya ninke takardar biyu, ya sa wuƙa ya raba ta tun daga goshi har wutsiya. Rabin dama ya ba Bakhit, rabin hagu ya ba Shinun. Ya sa aka kafa sanduna, aka rataya tabarmin kaba a tsawon ƙashin bayan jirgin, don kada wani ya ga aikin wani.

Shinun ya juya rabinsa sama da ƙasa. "Injiniya, waɗannan tsutsotsin fa?"

"Lambobi ne. Da mita aka rubuta, amma na mayar muku da su kamu, tunda shi kuka sani. Nan kamu uku, nan huɗu da rabi. Ni zan riƙa karanta muku."

"Kamun wa?"

"Kamu kamu ne, Shinun. Ilimi ba ruwansa da na wa."

"A karɓo sandar Ustaz mana, ga shi can a zaune."

"Ba sandar da za ta shigo aikin nan. Ba ka da hannu ne?"

Shinun ya dubi hannunsa, ya ga lallai yana da shi. Daga bayan tabarma Bakhit ya ce, "Sarhan, tambayi Injiniya, wancan abin da ke ƙugunsa ba na awo ba ne?"

"Na awo ne, amma ba na bakin teku ba. Gishiri na cin sa."

Haka aka fara. Marhun na tsaye a inuwa cikin kwat, yana karanto lamba da ƙarfi, Bakhit na aunawa da nasa hannun a dama, Shinun na aunawa da nasa a hagu. Shi kansa Injiniyan bai taɓa taɓa katako ba, wai zufar hannu na ɓata biro.

A sati na uku akuyar da Zuwaina ke kiwo don yankan ranar saukar da jirgi ta shigo fili, ta tarar da rabin Bakhit a kan akwati an danne da guduma. Kafin a ankara ta cinye wutsiyar jirgin har da rabin ɗakin kwana. Marhun ya bi ta da gudu ya zagaya rumfa sau biyu, kwat na tashi, biro na zuba, ya kama ta ya buɗe mata baki kamar za ta mayar masa.

Nahuda Sulayyim ya ce, "Rabu da ita. Yanzu injiniyoyi biyu ke nan a garin."

"Ba komai, Kawu. Duk yana kaina."

Ya zauna ya sake zana wutsiyar a bayan kwalin sukari. Da ya ga wuri ya ragu sai ya ƙara taga.

Ni na fara gane akwai magana, don ni kaɗai ke shiga ɓangarorin biyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A hagu, akwati nake takawa in kai katakon sama. A dama sai da tsani. Audugar da ta ishe ni layi ɗaya a wajen Shinun, a wajen Bakhit sai ta ƙare da saura taku uku. Na sami Marhun yana fifita da kwalin sukarin.

"Suruki, zo ka zagaya ka ga wani abu. Dama ta fi hagu ciki."

"Ka auna?"

"Na gani."

"Ka gani." Ya juya ga masu shan gahawa a bakin ƙofa. "Kun ji matsalar garin nan. Kowa ya gani. Sarhan, kai aikinka cusa auduga a rami. In na zo ina koya maka cusa auduga, ka kore ni."

Ba zan ɓoye ba, maganar ta yi mini ciwo, kuma daga ranar na ja bakina na yi shiru da shi. Amma katakon ya tsaya mini a rai, don na san shekarun da tsohon ya yi yana tara shi. Da la'asar na je na tsuguna kusa da bencinsa.

"Ustaz, akwai abin da ya kamata ka sani."

"Dama ta fi hagu," in ji shi.

"Wa ya gaya maka?"

"Ina jin guduma. Ta Bakhit daga sama take zuwa, ta Shinun daga ƙasa. Ƙusa goma sha biyu wancan ke bugawa a layi, wannan goma. Idona ne ya tafi, Sarhan, ba kunnena ba."

"To a tsayar da aikin mana."

Ya juya sandar a hannunsa. "Ƙofar nan yake bi safe da yamma, yana gaishe ni. Bar shi ya tambaya."

Bai tambaya ba. Zuwaina ma ta yi nata ƙoƙarin, a gabana, ranar da na je cin shinkafa da kifi a gidansu. Da sunan ɗansu take kiran mijin.

"Abu Saif, ka je ka ce Baba ya shafa maka jirgin nan da hannu ko sau ɗaya. Me zai rage ka?"

"Mace da zancen jirgi. Kin taɓa ganin likita ya je wurin wanzami neman shawara?"

"Na taɓa ganin mai dafa shayi ya dawo likita. Yaya Sarhan, ƙara miya."

A wata na huɗu aka zo ɗora katakan bene, dole aka sauke tabarmi. Ranar ce Bakhit da Shinun suka fara ganin aikin juna. Suka tsaya, kowa na kallon ɓangaren ɗan'uwansa. Dama ta kumbura ta yi tulu, ta ɗaga sama. Hagu ta shafe ta yi ƙasa. A goshi katakan Bakhit sun wuce da kusan kamu guda, na Shinun sun tsaya a hanya ba su iso ba.

"Sarhan," in ji Bakhit, "gaya wa wancan, kwalekwale aka ce ya gina ko jirgi?"

"Sarhan," in ji Shinun, "gaya wa wancan, wata nawa ne cikin da ya yi wa jirgin mutane?"

Marhun ya zagaya jirgin sau ɗaya, ya dubi dama, ya dubi hagu. Amma da ya juyo, murmushi yake.

"Madalla. Haka na so."

"Haka ka so?" in ji Nahuda.

"Sabon salo ne, Kawu. Iskar teku ai ba ta bugowa ta gefe biyu lokaci ɗaya, don me za a yi gefen biyu iri ɗaya?"

Ya sa Bakhit ya datse abin da ya wuce, ya sa Shinun ya ƙara guntaye inda bai kai ba, ni kuma na cusa audugar da za ta ishi katifa biyu. Da aka gama bene, Nahuda ya hau ya ajiye kofin gahawarsa a dama. Kofin ya kama hanya shi kaɗai, ya gangara har hagu ya faɗa ƙasa.

"Don ruwan sama ne," in ji Marhun. "Ba zai kwanta a bene ba."

A Sur ke nan, inda ake ruwa sau biyu a shekara in an yi sa'a. Daga nan ya sa aka lulluɓe jirgin da tsofaffin ƙyallayen da iska ke tura jirgi da su, wai kada baki ya kama shi, ya shiga gari gayyata. Bai bar kowa ba: liman, masunta, masu shaguna, har mutanen ƙetaren mashigi da sai an ɗauko su a kwalekwale.

Ranar saukarwa da hantsi, ruwa ya cika maƙil. An kawo masu ganga, an jera farantan alewar halwa da dabino, mata sun taru a gefe ƙarƙashin rumfa. Aka yanka akuyar nan a goshin jirgi, Nahuda ya ce Allah ya ji ƙanta, ta tafi da rabin ilimin. Aka zaunar da Ustaz a bencinsa bakin ruwa, sanda a tsakanin gwiwoyinsa. Marhun ya hau kan akwati ya yi jawabin da ya kai rabin awa a kan zamani da lissafi, sannan ya ce a yaye.

Aka yaye. Masu ganga suka tsaya da kansu. Liman ya buɗe baki zai yi addu'a, ya rufe, ya matsa gefe ya sake duba jirgin ta wani wajen ko ido ne ke masa gizo. Wata tsohuwa a rumfar mata ta tambaya da ƙarfi ko faɗuwa ya yi daga mota.

Aka shafa wa gungumen turawa kitse, maza arba'in suka sa kafaɗa, jirgi ya gangara ya faɗa ruwa. Ya yi iyo, wannan kam ba a hana shi ba, don ni na toshe shi. Sai dai yana zama ya kwanta a hagu, bakinsa saura taƙi ɗaya ya sha ruwa, dama kuwa ta ɗaga sama tana nuna wa jama'a cikinta.

"Bai saba ba ne," in ji Marhun. "A kawo duwatsu."

Aka yi layi ana miƙa duwatsu ana jibgewa a dama. Ya ɗan miƙe. Aka ƙara da buhunan gishiri biyu. Da abin bai isa ba Marhun ya ce Bakhit ya hau ya zauna a bakin dama ya saki ƙafafunsa waje, tunda shi ya fi kowa nauyi. Shinun aka ba igiyar ƙyalle, ni aka ba ni bokiti. Marhun ya kama sandar tuƙi da hannu biyu, ya gyara kwat.

Aka ja ƙyalle sama, iska ta cika shi, jirgi ya zabura. Gaskiya a wannan ɗan lokacin har ni sai da na ji daɗi. Bakin mashigi na gabanmu sosai, teku na ƙyalli a bayansa, masu ganga suka koma kiɗa. Marhun ya ɗaga hannu ɗaya yana yi wa jama'a bankwana.

Sai goshin jirgin ya fara karkata hagu.

"Tura sandar, Injiniya," in ji Shinun.

"Na tura."

"Ɗaya wajen."

Ya tura ɗaya wajen. Jirgin bai ma san yana yi ba. Bakin mashigi ya wuce ta damanmu, gidajen ƙetare suka wuce, hasumiyar kan dutse ta wuce, ƙyallen ya yi fal-fal ya bugo ta ɗaya gefen ya kwashe hular Shinun, sai ga mu muna fuskantar filin da muka baro, da jama'a, da farantan halwa.

Nahuda Sulayyim ya matso bakin ruwa ya sa hannu a baki. "Maraba da matafiya. Ya teku?"

"Gwaji ne," in ji Marhun. "Ana fara gwada juyawa."

Muka wuce su, muka sake nufar bakin mashigi, jirgi ya sake bin hagu. Na ajiye bokiti na kama sandar tare da shi, muka danna har ta yi ƙara. A banza. Gefen Bakhit ya fi tsawo, kullum shi ke riga na Shinun, jirgin kuwa sai ya bi gajeren.

A zagaye na uku Nahuda ya ce, "Me kuka kawo mana daga Zanzibar?" A na biyar ya ce in mun sake fita mu gaida masa mutanen Basra. Mata suka fara ƙirgawa da baki ɗaya. Masu ganga suka gane lokacin, suna yin shiru in mun yi nisa, su kama kiɗan tarbar matafiya in mun iso. Wani ya cillo mana dabino don guzuri. A na bakwai Bakhit, da ke rataye a bakin dama tun ɗazu, kansa ya juya ya mayar da halwar da ya ci a ruwa, ya ɗago ya dubi Shinun ido da ido, karo na farko a shekara goma sha ɗaya.

"Shinun, don Allah sauke ƙyallen nan."

"Ba wanda zai sauke," in ji Marhun. "Yanzu zai miƙe. Katakon ne bai gama shan ruwa ba."

Sau goma sha ɗaya muka zagaya. Kafin nan ruwa ya fara janyewa, kuma a zagaye na ƙarshe jirgin ya ja ciki a laka ya tsaya, daidai gaban filin, taku kaɗan daga inda aka tura shi. Ya kwanta a hagunsa kamar saniyar da ta ƙoshi. Muka diro. Marhun ya nutse har gwiwa, ya bar takalmi ɗaya a laka, ya fito gaban mahaifinsa yana haki. Duk da haka bakin bai mutu ba.

"Baba, ka ce ya dawo. Sau goma sha ɗaya ya dawo, jama'a shaida ne. Wane jirgi ka taɓa ginawa da ya yi haka?"

Aka fashe da dariya, har liman. Ustaz ya jira ta lafa.

"Na ce ya fita ya dawo. Ya fita?"

Marhun ya waiwaya ya dubi bakin mashigi.

"Bakhit, zo nan. Kawo hannunka."

Tsohon ya kwantar da sandar a kan gwiwoyinsa, ya ɗora gwiwar hannun Bakhit a tsagar farko, ya bi da yatsa har ƙarshe. Hannun ya wuce tsaga ta biyu da yatsa huɗu. Ya kira Shinun. Nasa bai kai ba da yatsa uku. Jama'a suka matso suna leƙe, masu lissafi suka fara lissafa yatsa bakwai a kowane kamu, tun daga goshi har wutsiya.

"Marhun, cire rigar nan."

"Baba, ai ba sai..."

"Cire."

Ya cire kwat ɗin, ya rasa inda zai ajiye, Zuwaina ta fito daga cikin mata ta karɓa. Ya naɗe hannun dishdasha, ya tsuguna, ya ɗora hannunsa a kan sandar. Ustaz ya lalubo gwiwar hannun ya daidaita ta da tsagar farko, ya bi fatar da yatsunsa a hankali har kan yatsan tsakiya. Yatsan ya tsaya cif a kan tsaga ta biyu, ba ragi ba ƙari. Tsohon ya sake bi tun daga farko, ya sake samun haka.

Ba wanda ya yi dariya a nan. Ni kaina da na zo da niyyar in more kallo, sai na ji tausayinsu ya kama ni su biyun.

"Tun kana ɗan shekara ashirin na sani," in ji Ustaz. "Kamuna ne a jikinka, Allah ya ba ka kyauta. Ko sandar ba ka buƙata. Da ka naɗe hannun riga sau ɗaya ka auna musu katako ɗaya, da yanzu kana teku." Bai saki hannun ba tukuna. "Wata biyar ina zaune a ƙofar can da ita a hannuna. Da ka ce, Baba ara mini, da na ba ka, kuma da ban sake karɓa ba."

Marhun ya buɗe baki. Muka jira mu ji sabon salo ne ko gwaji. Sai ya sunkuyar da kai.

Ustaz ya saki hannunsa, ya ɗaga sandar. "Shinun, kai ka tambayi kamun wa. Karɓi."

Shinun ya goge hannuwansa biyu a jikin zanensa kafin ya karɓa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya juya wajen Bakhit ya ce gobe da safe za a fara zare ƙusoshi, a ceci abin da za a iya ceta na katakon, kuma in ya ga dama ya zo da gizagonsa, tunda na shi Shinun har yanzu da giɓi.

Jama'a suka koma kan halwa da naman akuya. Tsohon ya yunƙura zai tashi, ya miƙa hannu inda ya saba samun sanda, ya kama iska. Marhun na tsugune a gabansa, ƙafa ɗaya ba takalmi, hannun riga a naɗe. Ya miƙa masa hannun. Ustaz ya kama shi daidai gwiwa, ya miƙe, suka nufi gida a hankali ta bakin ruwa.

Nahuda Sulayyim ya bi su da kallo, ya kurɓi gahawa, ya ce, "To, yau dai an sami abin da aka auna da hannun Injiniya."